Abin da Karbiretar Manyan Babura ta Koya Mini a Damagaram

Na yi shekara biyu a garejin maigidana da ke Sabon Gari kafin ya yarda in sa hannu a karbiretar babban babur. Ƙananan baburan ƴan kabu-kabu su ne abincinmu na yau da kullum, kuma nasu aikin ba ya ɗaukar lokaci: a kwance, a wanke da mai, a hura, a mayar, mai abu ya hau ya koma neman kuɗinsa. Manyan kuwa, masu cc 600 zuwa sama, ba kullum suke zuwa ba, kuma in sun zo maigida da kansa yake jawo benci ya zauna, ni kuma in riƙe masa tasa ina karɓar ƙananan ƙusoshi. A lokacin ina ganin rowar sana'a yake yi mini. Sai daga baya na gane cewa kuskuren da ƙaramin inji zai haƙura da shi wata da watanni, babban inji a tafiya guda yake nuna shi.

Maganar da ya fi yawan maimaitawa ita ce karbireta tiya ce, awo kawai take yi. Ba ta haifar da ƙarfi, tana dai haɗa iska da mai bisa ma'aunin da inji yake buƙata. A lissafi, mai yana ƙonewa ƙurmus idan nauyin iska ya ninka nasa sau 14.7, amma injin da ake so ya ba da ƙarfinsa duka ya fi son a ɗan ƙara masa mai, wajen kashi 13 na iska ga kashi 1 na mai. Idan mai ya yi yawa inji ya shaƙe, ya yi baƙin hayaƙi, ya yi nauyin tashi. Idan ya yi kaɗan kuwa, abin da muke cewa inji yana jin ƙishirwa, zafinsa yana ƙaruwa, kuma wannan ne ya fi haɗari domin sau da yawa a kunne sai a ji kamar babur ɗin ya ƙara lafiya. Na haddace wannan duka tun ina yaron gareji, amma haddar ba ta hana ni yin kuskuren da zan faɗa ba.

Wani Alhaji, ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Damagaram da Tanut, ya kawo babur mai silinda ɗaya, cc 650, wanda iska ke sanyaya injinsa, a lokacin da maigida ya yi tafiya. Ya ce yana son a ƙara masa gudu. Karbiretar da babur ɗin ya zo da ita mai makogwaron milimita 40 ce, irin mai robar nan a kai. Na ce masa, «Alhaji, ai maganin abin mai sauƙi ne, a sa masa babba.» Na aika Kano aka samo mini wata ta hannu mai milimita 45, na cire akwatin matatar iska domin ta samu wurin zama, na ɗaura ƙaramar matata a bakinta, sannan na buɗe salansa. Na daidaita ta a cikin gareji, babur yana tsaye, da tsakar ranar watan Mayu, ina murɗa totur ina sauraro har sai da ƙarar ta yi mini daɗi. Tun a ranar akwai alamar da ya kamata ta tsayar da ni, domin duk lokacin da aka murɗa totur da sauri daga ƙasa, injin yana yin jim kamar zai mutu kafin ya ɗauka. Na ce wa kaina zai saba.

Alhaji ya yi amfani da shi cikin gari har damina ta wuce. Da hunturu ya shigo, wata asuba ya kama hanyar Tanut, ya buɗe wuta gaba ɗaya na tsawon lokaci, kuma bai yi nisa sosai da wuce matatar man SORAZ ba injin ya ƙame. A bayan mota aka dawo da babur ɗin. Da muka buɗe kan injin, saman fistan ya yi fari fat kamar toka, gefensa na ɓangaren salansa ya narke ya shafe jikin silinda, bakin buji kuma ya yi ƙananan ƙuraje masu ƙyalli. Maigida ya juya fistan ɗin a hannunsa ya daɗe, sannan ya ce, «Yaro, a kan hanya ka gwada babban jiklar, ko a tsaye?» Na ce a tsaye. (Jiklar ɗan guntun tagulla ne mai rami wanda ke auna man da karbireta take saki, akwai babba akwai ƙarami.) Bai ƙara cewa komai ba, ya je ya ba Alhaji haƙuri da kansa, kuɗin gyaran kuma ni na biya da aikin watanni.

A wajen sake haɗa wannan injin ne na fahimci dalilin da ya sa girman makogwaro yake iya zama cuta. Karbireta ba ta da famfon da ke tura mai cikin inji. Makogwaronta yana da ƙunci a tsakiya, iskar da fistan ya zuƙo tana ƙara sauri a wurin, kuma wannan saurin ne yake tsotso mai daga tasar ƙasa ta cikin ramukan jiklar, ya warwatsa shi ya zama feshi. Idan aka faɗaɗa makogwaro fiye da numfashin injin, iska tana wucewa a sanyaye, tsotson ya yi rauni, man da ya fito ma ya fito ɗigo-ɗigo. Shi ya sa babur ɗin Alhaji yake yin jim ɗin nan. Abin da ya ƙara buɗe mini ido shi ne sanin cewa injin Evolution na Harley-Davidson, mai cc 1340, karbireta guda ta Keihin mai milimita 40 kamfanin yake ɗaura masa a shekarun 1990, kuma ko masu neman ƙarin ƙarfi yawanci Mikuni HSR mai milimita 42 suke sa wa injin da ba a taɓa cikinsa ba, suna barin 45 da 48 ga wanda aka faɗaɗa silindarsa aka gyara bawul ɗinsa. Ni kuma na ɗauki 45 na ba injin da bai kai rabin wancan ba.

Bayan girma sai iri, kuma a nan ne nake ganin ya kamata makaniki ya fi tambayar mai babur kafin ya tambayi babur. Mai robar a kai, wadda yawancin manyan babura masu karbireta suka zo da ita daga kamfani, ba hannun mahayi ne yake ɗaga ƙyaurenta, wato abin da ke buɗe makogwaro da rufe shi, kai tsaye ba. Mahayi yana buɗe ƙofar baya ne, ƙyauren kuma ya tashi a hankali gwargwadon iskar da injin yake iya zuƙa, don haka tana yafe gaggawar hannu, tana tsimin mai, tana kuma jure canjin yanayi. Mai shimfiɗaɗɗen ƙyaure, irin su Keihin FCR da Mikuni TM, waya ce take ɗaga ƙyauren nan take, kuma da yawansu suna da ɗan famfo da ke watsa mai a makogwaro lokacin da aka murɗa da sauri domin cike wannan giɓin. Amsawarta tana da daɗi ƙwarai a hannun wanda ya iya, amma tana son kulawa, tana kuma shan mai. Ga ɗan kasuwar da ke ɗaure kaya ya yi tafiyar awa uku cikin rairayi da gargada, ni dai ban ga abin da ya fi mai robar ba. Injiniyoyin Yamaha sun bi wata hanya a XT600 Ténéré da suka fitar a 1983, wanda suka raɗa wa sunan hamadar ƙasarmu: silinda ɗaya ce amma makogwaro biyu, na farko yana aiki shi kaɗai a ƙaramar wuta domin iska ta riƙe saurinta, na biyu kuma ya buɗe idan an ƙara wuta. Matsalar da ta ci ni ce suka warware tun kafin in san babur.

Daidaitawa kuwa na koyi cewa ba daga karbireta take farawa ba. Sai na auna tazarar bawul, na duba robar da ke haɗa karbireta da inji ko ta tsage tana shan iska, na tabbatar matata tana da tsabta, na kuma auna tsayin fulota, wato abin da ke yawo a kan mai a tasar karbireta yana tsayar da shigowarsa, domin idan man da ke cikin tasa bai tsaya a inda ya dace ba duk abin da aka yi a sama aikin banza ne. Bayan haka nake manna tef a hannun totur in yi masa zane huɗu. Daga ralanti, wato lokacin da inji yake aiki ba a murɗa totur ba, zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ƙaramin jiklar da ƙusar haɗi ne suke mulki. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce, wato siririn ƙarfen da ke tashi tare da ƙyaure yana buɗe wa mai hanya, kuma a nan mahayi yake yin mafi yawan tafiyarsa. Daga kashi uku zuwa ƙarshe sai babban jiklar, wanda ba ya bayyana halinsa sai babur yana kan hanya da nauyi a kansa. Allurar da ake iya gyarawa tana da tsagi, sau da yawa biyar, kuma saukar da maƙalin ƙasa yana ɗaga allurar ya ƙara mai. Ƙusar haɗi tana ruɗa yara da yawa: wadda take ɓangaren inji mai take saki, kwance ta ƙarin mai ne, wadda take ɓangaren matata kuwa iska take saki. Idan na ga sai na kwance ƙusar mai ta wuce zagaye uku kafin ralanti ya zauna, na san ƙaramin jiklar ne ya yi kaɗan, sai in canza shi. Abu ɗaya nake taɓawa a kowane gwaji, in fita hanyar Miriya in dawo, in rubuta a littafi, domin ranar da na canza abu biyu tare babur ya gyaru ban san wanne ya yi aikin ba.

Lambobin da ke jikin jiklar ma ba yare ɗaya suke yi ba, 150 na Mikuni daban yake da 150 na Keihin, kuma kasuwa cike take da jabu masu lamba daidai da rami ba daidai ba. Ba na barin kowa a garejina ya zura wayar birki a ramin jiklar, domin tagulla tana da laushi, zurawa ɗaya ta isa ta ɓata awon.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne yanayin garinmu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, iska ta yi sako-sako, kowane zuƙo yana ɗauke da ƙarancin abin da mai zai ƙone da shi, don haka haɗi yakan karkata wajen yawan mai. Da asubar hunturu kuwa iska tana da sanyi da nauyi, haɗin da ya yi daidai a bazara sai ya koma ƙishirwa. Abin da ya faru da Alhaji ke nan: na auna masa mai a ranar da iska ta fi sako-sako, ban bar masa rara ba, na kuma buɗe masa numfashi gaba da baya, sanyi ya ƙarasa sauran. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ƙaramar buɗaɗɗiyar matata ba ta iya tarewa, tana shiga ta ci ƙyaure da allura har awon ya sauya da kansa. Man kwalba na bakin hanya yana zuwa da nasa ruwa da laka, waɗanda ƙaramin jiklar ne yake fara toshewa da su. Saboda haka yanzu ba na cire akwatin matata ga babur ɗin da zai yi aiki a ƙasar nan, ko da mai shi ya matsa, kuma ina sa ƙaramar matatar mai a tiyo tsakanin tanki da karbireta.

Gwajin babban jiklar ina yin sa ne da sabon buji. In hau miƙaƙƙiyar hanya, in riƙe wuta duka na ɗan lokaci, in kashe injin nan take ba tare da na bar shi ya sauka ralanti ba, in gangara gefe in kwance bujin yana ƙona yatsa. Ruwan ƙasa-ƙasa nake nema a farin jikinsa. Idan ya yi baƙi da kunkunniya in rage lamba ɗaya, idan ya yi fari in ƙara biyu sannan in sauko a hankali, domin gara in fara daga yawan mai, wanda iyakar ɓarnarsa buji da aljihu.

Kamfanoni sun daina sa karbireta a yawancin manyan babura, Harley-Davidson ma tun 2007 ta koma tsarin fesa mai da kwamfuta a dukkan baburanta, amma waɗanda suke isowa Damagaram yawanci tsofaffi ne, don haka aikin yana nan. Babur ɗin Alhaji mun mayar masa da karbiretarsa ta milimita 40 da akwatin matatarsa, muka sa sabuwar roba a kai, muka ƙara babban jiklar lamba ɗaya saboda salansar. Da ya gwada ya ce, «Malam, ai yanzu ya fi tashi.» Har yau sau biyu a shekara yake kawo shi, farkon hunturu in sa wa allurar siririn zobe a ƙarƙashi in ɗan kwance ƙusar mai, idan zafi ya fara a watan Maris kuma in cire.