Faran Ɗaya Dala Nawa?

Ban yi wata biyar da fara aikin akawu a gidan wani attajirin fatu a Maraɗi ba, a 2015, Allah Ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar arba'in aka jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, aka kira mu, ni da tsohon akawunsa da kowa ke ce wa Baba Akawu, mu tantance basussuka kafin a raba gado.

A cikin takardun akwai wata da ta yi ja saboda tsufa. Alhaji ya sa hannu cewa ya karɓi rancen faran 30,000 na Faransa daga wani amininsa, lokacin da zai tafi birnin Marsai na Faransa ganin masu sayen fatar jar akuya. Aminin ya riga shi rasuwa, 'ya'yansa ne suka zo da kwafinta.

Ni kuwa sabon fitowa daga makaranta, lissafin a bakina yake. Yuro ɗaya faran 6.55957 ne, kuma sefa 655.957 ne, tun 1 ga Janairun 1999. Ke nan faran ɗaya sefa ɗari. Na danna na'ura, na ce, "Miliyan uku cif."

Baba Akawu bai ko dubi na'urar ba. Ya ɗora yatsa a kusurwar takardar ya ce, "Yaro, karanta mini nan."

"1992."

"To a lokacin faran guda dala goma ne. Dala ashirin ɗin da ka sani daga baya ta zo."

Shi da dala yake ƙirga, kamar kowa a kasuwarmu: dala sefa biyar, jika sefa dubu. Dala goma hamsin ke nan. Abin da ya tuna mini shi ne abin da na haddace don jarrabawa na watsar: a Janairun 1994 aka taru a Dakar aka karya darajar sefa da rabi, mutane suka kwanta ranar 11 ga wata faran na sefa hamsin, suka wayi gari yana ɗari. Ya ce a makon nan ya ga 'yan kasuwar da suka ɗauko kaya bashi daga Faransa sun zauna a rumfa sun yi tagumi, bashinsu ya ninka ba su ƙara ko tsinke ba. Masu fitar da fata irin maigidanmu kuwa kakarsu ta yanke saƙa.

Nan take na juya na ce, "Ashe miliyan ɗaya da rabi ne." Ina jin na kamo bakin zaren. Sai ya sake girgiza kai.

Wannan karo na biyun shi ya fi yi mini ciwo, kuma shi ya fi koya mini aiki. Ya ce kwanan wata kaɗai ba ya raba gardama, sai an san me hannu ya miƙa wa hannu. In faran aminin ya ƙirga ya ba Alhaji, faran ake binsa, kuma da faran ya mutu bashin bai mutu ba, ya koma yuro 4,573.47, wato miliyan ukun da na faɗa da farko. In kuwa sefa ya ba shi a nan Maraɗi, Alhaji ya rubuta kwatankwacinsa da faran don shi zai canza a hanya, to sefar ake binsa. Tsakanin amsoshin biyu akwai miliyan ɗaya da rabi, ga marayu ta kowane ɓangare, ga zumuncin shekara arba'in.

Kwana biyu muka yi muna juya tsofaffin littattafai. A na 1992, da rubutun ajami na Baba Akawu kansa, muka tarar da layin: an karɓo jika 1,500 daga gidan wane, ranar kasuwa. Malamin da ke rabon ya ce abin da aka karɓa shi za a mayar. Magadan Alhaji suka biya, suka ɗora wani abu a kai don kansu, tunda sun san jika 1,500 ta wancan zamani ba ta yau ba ce.

Tun daga nan, kowace tsohuwar takarda ta zo hannuna kwanan watanta nake fara dubawa kafin adadin. Ta cece ni ba sau ɗaya ba. Rasit ɗin da ya girmi 1960 tsohon faran yake nufi, wanda ɗarinsa ya zama sabo ɗaya a farkon shekarar. Wani abin da yaran yanzu ba sa yarda in na faɗa musu: daga 1948 sefa ɗaya tsohon faran biyu ce, tamu ta fi tasu a lamba. Takardun motocin da aka sayo daga Jamus kuma wani tarko ne. Yau mak ɗaya, tsohon kuɗin Jamus, na kamawa sefa 335 da 'yan kai, amma wannan farashi na 1999 zuwa sama ne. Kafin nan mak da faran kowa tafiyarsa yake, sai ka nemo farashin ranar.

A can ƙasan akwatin, cikin wani tsumma, akwai takardun faran 500 guda goma sha biyu, sababbi ƙal, masu hoton Mari Kuri da mijinta. Hajiya uwargida ta aiko a tambaye ni nawa za su kama. Na shiga na durƙusa na ce, "Hajiya, da an kai su babban bankin Faransa kafin 17 ga Fabrairun 2012, jika ɗari shida ne. Tun 2002 aka daina ciniki da su, aka ba da shekara goma ta canji, ta wuce."

Ta yi shiru tana juya ɗaya a hannu. Can ta ce, "Guzurin tafiyar da bai yi ba ne." Ta naɗe su cikin tsummansu, ta ce kada a sa su a lissafin gado.