Yadda na sauya jet ɗin kafireta bayan na hau da babur ɗina tsaunin Mambila

A daminar da ta gabata na ɗora babur ɗina mai ƙafa huɗu, wani tsohon Honda da na saya na hannu, a bayan akori-kura daga Jalingo zuwa gonar kawuna da ke kusa da Nguroje, domin mu riƙa zagaya garken shanu da shi a hanyoyin da mota ba ta iya bi idan ruwa ya sauka. A Jalingo lafiyarsa ƙalau, bugu ɗaya yake tashi. Muka bi ta Bali da Serti, muka kama hawan da ke farawa daga Mayo Selbe, washegari da safe kuma da na tayar da shi a gona sai na ji kamar an musanya mini shi a hanya. Idan na murɗa totur sai ya riƙa tari yana shaƙewa, salansa tana fitar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur, ɗan tudun da bai taka kara ya karya ba kuma sai na koma ƙaramar giya kafin ya haye.

Da farko na ɗora laifin a kan man da na saya a bakin hanya, na juye shi na zuba wani, amma babu abin da ya canza. Na kwance fulogi na tarar da bakinsa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, na sa sabo, bayan kwana biyu shi ma ya koma haka. Sai da na kai shi wurin wani dattijon bakanike a Nguroje, wanda bai taɓa ko sifana ba kafin ya tambaye ni inda aka kawo babur ɗin. Da na ce masa Jalingo, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai injinka babu abin da ya same shi, iska ce ta yi masa kaɗan."

Bayanin da na fahimta daga baya shi ne, injin fetur yana buƙatar iska mai nauyin kusan ninki 14.7 na nauyin man da zai ƙona. Kason iskar oksijin a sararin sama yana nan a kashi 21 cikin ɗari ko a bakin teku ko a kan dutse, sai dai iskar gaba ɗayanta tana yin sako-sako yayin da ake hawa, ta yadda a tsayin mita 1,600, wanda shi ne matsakaicin tsayin Mambila, kaurinta ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari idan aka gwada da na bakin teku. Kafireta, wato na'urar da ke haɗa mai da iska kafin su shiga injin, ba ta da abin auna wannan ragin. Ƙofar jet ɗin, ɗan ƙarfe mai huda da mai ke bi a cikin kafireta, tana nan yadda kamfani ya huda ta, saboda haka man da ke shiga ba ya raguwa daidai da raguwar iskar, sai ya yi wa injin yawa. Sababbin baburan da ke da injekta suna da na'urar da ke gyara wannan da kanta, amma mu masu tsofaffi sai mun kwance da hannu.

Dattijon ya fara da wanke iyakilina, wato matatar iska, domin idan ta toshe da ƙura alamominta iri ɗaya ne da na yawan mai, kuma wanda ya taɓa jet bai duba ta ba zai yi aikin baban giwa. Daga nan ya kwance kofin man da ke ƙasan kafireta ya ciro babban jet, ɗan ƙaramin ƙarfe ruwan tagulla da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, mai lamba 130 a jikinsa. A kafiretar kamfanin Keihin wannan lamba tana nufin faɗin hudar ya kai milimita 1.30, kuma ba a ɗaukar lambar wani kamfani kamar Mikuni a ce daidai take da ta Keihin. Babban jet shi ke da iko daga kashi uku cikin huɗu na totur zuwa ƙarshensa, allurar da ke cikin kafireta tana riƙe da tsakiya, ƙaramin jet da sukurunsa kuma su ne na sulo da farkon tashi.

Ya zazzage wani gwangwanin madara cike da tsofaffin jet a kan tsumma, muka riƙa ɗaga su a hasken rana muna karanta lambobi. Mun gwada 128, hayaƙin ya ragu amma tarin bai tafi ba. Da muka sa 125 na hau tudun da ke bayan garejin da totur a buɗe, na kashe injin a can sama ba tare da na bar shi ya yi sulo ba, na kwance fulogi, sai na ga bakinsa ya koma ruwan ƙasa kamar shayin da aka sa wa madara, wanda shi ne launin da ake nema. Zumuɗi ya sa na ce mu gwada 122, ya bar ni na gwada, kuma da sanyin safiya injin ya riƙa jinkiri yana harbi ta baya. Dalili kuwa shi ne iska mai sanyi ta fi mai zafi kauri, don haka sanyin Mambila yana mayar da wani ɓangare na abin da tsayi ya ɗauke. Muka koma kan 125, ya ɗan juya sukurun sulo har injin ya zauna daram, allurar kuwa bai taɓa ta ba.

Akwai dabaru biyu da na ga wasu suna yi waɗanda ban yarda da su ba. Wasu suna cusa silin wayar wuta a cikin jet don rage hudar, wanda yakan yi aiki na ɗan lokaci amma babu mai iya faɗin nawa ya rage. Wasu kuma suna cire iyakilina ɗungurungum wai don iska ta ƙaru, su bar ƙura tana cin ringi da silinda.

Ko bayan gyaran, babur ɗin bai dawo da ƙarfinsa na Jalingo ba, kuma ba zai dawo ba, tunda injin da ba shi da turbo, na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana asarar kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Abin da sauya jet ya dawo mini da shi shi ne tashi mai tsabta, da fulogin da ba ya mutuwa, da tankin da yake kai ni yamma.

Kafin na bar garejin dattijon ya riƙe hannuna ya ja mini kunne cewa saukowa ta fi hawa haɗari. Yawan mai a kan tsauni ɓarnar fetur ce da baƙin fulogi, amma jet mai lamba 125 a ƙasa, inda iska take da kauri, yana nufin man ya yi kaɗan, injin ya ɗauki zafi fiye da kima har bawul ya ƙone ko fistin ya huje. Ya naɗe mini tsohon 130 ɗin a takarda ya saka a kwalin ashana, na ɗaure shi da roba a ƙarƙashin kujera, kuma ranar da muka sauko da babur ɗin bayan kaka, a Serti na tsaya na mayar da shi kafin na yarda wani ya tayar da injin.