Ƙashi ya haɗe, hannu bai tashi ba

Ƙanena dako yake yi a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ya zamo daga kan motar albasa, ƙashin damtsensa na dama ya karye a tsakiya. Kawunmu na Agege ya ce a kira mai ɗori, ni kuwa na dage sai asibitin ƙashi na Igbobi, don na ga abin da ya tsorata ni: yaron yana iya dunƙule yatsu, amma ya miƙe su ko ya ɗaga wuyan hannu, ina! Sai hannun ya yi laƙwas.

Bayan an ɗauki hoto, likita ya kama damtsena ya nuna mini hanyar. Jijiyoyin da ke kai saƙo hannu daga laka suke fitowa ta wuya, su bi ta hammata, su rarrabu. Ɗaya tana zagayawa ta bayan ƙashin damtse, a kwance take a jikinsa, shi ya sa karaya a nan kan murje ta ko ta ja ta. Ita ke ba tsokokin bayan hannu umarnin ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu, ita ce kuma ke kawo ji a fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Tsokar lafiyarta ƙalau, saƙo ne bai isa gare ta ba, kamar fanka sabuwa da aka yanke wa waya.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne jira. Ƙashin damtse kan haɗe cikin wata 2 zuwa 3, amma jijiyar da ta ji rauni sosai ba ta wuce kusan milimita 1 a rana wajen sake tsiro. Akasari takan dawo ba tare da tiyata ba. Sai dai kafin ta iso, tsokar da ba ta aiki tana ramewa, gaɓoɓi kuma suna sandarewa. Nan aikina ya shigo. Masu gashin ƙashi suka ba mu abin tallafe wuyan hannu, suka koya mini yadda zan riƙa lanƙwasa kowace gaɓa ina miƙewa a hankali, bayan asuba da bayan isha'i. Yakan ce, "Yaya, ƙyale ni haka, wata nawa ba abin da ya motsa." Nakan ce masa mu dai mu ajiye wa jijiyar hannu mai laushi, ta zo ta tarar.

Fata ma sai da tsaro. 'Yan dubiya kowa da shawararsa, yawanci a gasa da ruwan zafi. Na hana, domin wurin da ba ya ji zai ƙone mai shi bai sani ba. Ko ruwan wanka da hannun hagu yake fara gwadawa.

Da motsi ya tashi dawowa, bi da bi ya zo yadda jijiyar ke gangarawa: wuyan hannu ya fara ɗagawa, sannan yatsu, babban yatsa daga baya.

Ba na raina masu ɗori, da yawansu gado suka yi kuma sun san ƙashi. Abin da nake roƙon 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago shi ne su riƙa duba yatsu bayan an ɗaure karaya. Wurin yakan kumbura, in ɗaurin ya matse jini ba ya wucewa. Da zarar yatsu sun yi sanyi, farata sun sauya launi, ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ji ya ɗauke, a sassauta a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Tsokar da jini ya yanke mata tana fara mutuwa cikin sa'o'i kaɗan, kuma ta haka ne karayar da za ta warke take kaiwa ga yanke hannu.