Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Kujerar Kansila

A makon jiya mun tsaya inda na ajiye alli, bayan shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a firamaren garinmu. To, yau ga yadda aka yi na zama kansila.

Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yunin 1998. Janar Abdulsalami Abubakar da ya gaje shi ya rushe jam'iyyu biyar ɗin nan na zamanin Abacha, ya kafa hukumar zaɓe ta INEC, aka sa zaɓen ƙananan hukumomi ranar 5 ga Disamba. Ba ƙaramin zaɓe ba ne, domin da sakamakonsa aka tace jam'iyyu tara suka koma uku: PDP, APP da AD. Shi ya sa kowace jam'iyya ta bazama ƙauyuka neman wanda jama'a suka yarda da shi.

Bayan sallar isha'i dattawan mazaɓarmu suka yi mini sallama. Babbansu ya ce, "Malam, kai ka koyar da 'ya'yanmu, kai muke so." Na ce ba ni da ko sisi. Washegari maiɗakina ta sayar da awakinta biyu aka buga fasta. Inna kuwa da na je neman albarka, ta daɗe tana jan carbi kafin ta ɗago. "Je ka, ɗan nan. Amma kada in ji ka rufe wa mutum ƙofa."

Na ci zaɓe, sai na ga abin da Inna ta hango. Tun asuba zaurena cike yake: mai takardar asibiti, mai neman taki, mai rigimar iyakar gona. Akwai daren da aka buga mini ƙofa wajen ƙarfe biyu, naƙuda ta yi wa wata baiwar Allah tsanani, ga damina ta cinye hanya. A amalanke muka kai ta bakin titi, ina gaba da fitila. Ta sauka lafiya. Ko bayan da Allah ya kai ni Majalisar Tarayya a Abuja, duk ranar da aka ɗauko kasafin lafiya, amalanken nan nake gani.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda kwalbatin wannan hanya ya haɗa ni da ciyaman.