Kwana Uku a Winston, Gundumar da Ta Ƙi Bin Kudu Yaƙi

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu barcina bai koma daidai ba, to gara in rubuta wannan tun abin yana da ɗuminsa. Atlanta da Birmingham ba zan tsaya a kansu ba, birni dai birni ne. Abin da ya kai ni jihar Alabama wata gunduma ce ta karkara a arewa maso yammacinta, Winston, wadda a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 mazajenta suka fi yawa a rundunar Arewa, alhali jiharsu tana tsakiyar Kudu, a babban birninta Montgomery ma aka kafa gwamnatin 'yan awaren.

Ba motar haya da ke shiga can, ba tasha, ba ɗan acaɓa. Dole ka ɗauki hayar mota ka tuƙa da kanka, kuma a nan na fara cin karo. Ma'aikacin wurin ya riƙe lasisina da yatsu biyu kamar ya tsinto shi a kwata, ya ce katin ATM ba ya yi, sai katin bashi. Ko gaisuwata bai amsa ba. Da ƙanena da ke zaune a Birmingham bai sa nasa katin ba, da tafiyar ta mutu a nan. Mai niyya ya tanadi katin bashi da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ya kuma tuna cewa agogon Alabama yana bayan na Atlanta da awa ɗaya, kada lokacin salla ya rikice masa.

Daga Birmingham mun bi babbar hanya mai lamba 22 zuwa Jasper, muka karkata arewa kan lamba 195 har Double Springs, hedikwatar gundumar. Kilomita ɗari ne da 'yan kai, kamar awa ɗaya da rabi. A Jasper ya kamata ka cika tanki, ka kuma sauke taswira a waya, don sabis yana ɗaukewa da zarar an shiga daji. Mai da galan ake sayarwa, galan ɗaya ya kusa lita huɗu, kuma kai za ka zuba wa kanka.

Tun kafin mu isa, ƙasar ta ba ni rabin labarin. Tudu bayan tudu, dutsen yashi, kwazazzabai masu zurfi, itatuwa sun rufe ko'ina. Wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san wannan ba ƙasar babbar gona ba ce. Arzikin Alabama a wancan zamani auduga ne, auduga kuwa tana can tsakiyar jihar inda ƙasa take baƙa mai laka, bayi ne ke nomanta. A ƙidayar 1860 kusan kashi 45 cikin ɗari na mutanen jihar bayi ne. A Winston kuwa farare dubu uku ne da ɗari huɗu da wani abu, bayi 122, masu bayin mutum 14 kacal. Sauran masara suke nomawa, su kiwata aladu da 'yan shanu, abin da za su ci. Sai na tuna duwatsun Ningi, inda mutane suka shafe shekaru suna ƙin biyan Kano da Bauchi haraji. Mutumin dutse ko'ina halinsa ɗaya, a bar shi ya sarara.

Double Springs gari ne na mutum dubu da 'yan kai, wata unguwa guda a Gwale ta ninka shi. Gundumar gaba ɗaya mutum 23,540 ne a ƙidayar 2020. A gaban kotun garin akwai mutum-mutumin soja da aka kafa a 1987, rabin kayan jikinsa na sojan Arewa, rabi na Kudu. Allon da ke wurin ya ce 'yan Winston 239 ne suka yi wa Tarayya, wato ɓangaren Arewa, yaƙi, 112 suka yi wa Kudu.

Ina cikin kwafe waɗannan lambobi wani dattijo ya tsayar da a-kori-kurarsa, ya sauke gilashi ya ce, "Yaro, ɓata kuka yi?" Na ce, "A'a Baba, tarihi muka zo gani." Da ya ji daga Najeriya nake sai ya kashe mota ya fito. Wannan bawan Allah shi ya zama jagoranmu yini guda cur, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Ya ce kakan kakansa yana cikin 239 ɗin, wan kakan kakan nasa kuma yana cikin 112, kuma zuri'ar biyu sun daɗe ba sa zama a coci ɗaya. Bakanon da ya ji labarin Tukurawa da Yusufawa na 1893 a bakin tsofaffi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ga yadda abin ya faro. A ƙarshen 1860 aka ce kowace gunduma ta tura wakili taron da zai yanke shawarar ɓallewa daga Tarayya. Winston ta zaɓi wani malamin makaranta ɗan shekara 21, Christopher Sheats. Ranar 11 ga Janairu 1861 taron ya amince da ɓallewa, ƙuri'a 61 da 39. Da yawa daga waɗanda suka ƙi sun zo daga baya sun sa hannu, shi ya ce atafau. Daga bisani kurkuku ya sha a kan haka. Bayan yaƙi an tura shi ƙaramin jakada Denmak, ya kuma shiga majalisar wakilan Amurka a 1873.

Sai taron mashayar Looney, kusa da garin Addison. Mutanen wurin sun ce ranar 4 ga Yuli 1861 aka yi shi, wasu masana tarihi sun ce a 1862 ne. Abu uku aka tsayar. Sun yaba wa Sheats. Sun ce jiha ba ta da ikon fita daga Tarayya, in kuwa tana da shi, to gunduma ma tana da ikon fita daga jiha. Sannan suka roƙi ɓangarorin biyu su ƙyale su. A nan ne wani mai goyon bayan Kudu ya yi musu shaguɓe da "'Yantacciyar Ƙasar Winston", sunan ya bi su har yau, yana jikin alluna da riguna. Amma ɓallewar ba a taɓa yin ta a takarda ba, ko da mai sayar da rigar zai ce maka an yi.

Wannan roƙo na uku shi ya fi tsaya mini a rai, domin mutanen ba yaƙi suka nema ba. Dokar tilasta shiga soja ce ta kai su bango. A Afrilu 1862 gwamnatin Kudu ta ce duk farar fata daga shekara 18 zuwa 35 soja ne, a Satumba ta ɗaga zuwa 45, a 1864 ta mai da shi 17 zuwa 50. Mai kuɗi yana iya biyan wani ya tafi a madadinsa. A Oktoba 1862 aka ƙara cewa gonar da ke da bayi 20 za a bar mata farar fata guda a gida. Ka auna wannan da gundumar da bayinta duka 122 ne. Shi ya sa talakawan Kudu suka riƙa cewa yaƙin na mai kuɗi ne, mutuwar ta talaka. A 1863 aka zo da harajin amfanin gona, ɗaya bisa goma, daidai zakkar noman damina, sai dai wannan da bindiga ake karɓa, kuma mai karɓar shi ke yin awo.

Baban namu ya kai mu dajin Bankhead ta hanya mai lamba 33, muka gangara da ƙafa gefen kogin Sipsey. Gani ya kori ji. Dutsen yakan turo kai waje ya yi rumfa, a ƙarƙashi mutum ashirin za su kwana ruwa bai taɓa su ba, wanda ke sama kuwa ko alamarsu ba zai gani ba. Doki ba ya iya sauka. A irin waɗannan wurare mazan suka ɓuya, mata da yara suna kai musu abinci a ɓoye, su kuma ci gaba da noman. 'Yan sintirin Kudu, waɗanda yawanci maƙwabta ne da suka san gidan kowa, su ke farautarsu. In ba su sami miji ba sai su kwashe masara, su kora dabbobi, wani lokaci su cinna wa gida wuta. Wanda aka kama, ko ya sa kakin Kudu ko kurkuku, wasu ma ba a kai su ko'ina ba. Su ma na dajin da suka sami bindiga sun rama, kuma ramuwar ba ta da kyan ji. "Tori" ake kiransu, sunan da aka taɓa laƙaba wa masu bin Sarkin Ingila lokacin yaƙin 'yancin Amurka, wato maciya amana. Su kuma suna cewa tutar da kakanninsu suka yi wa yaƙi ita suka riƙe, wa ya ci amanar wa?

Mai shiga dajin nan ya sa dogon wando ya cusa ƙafarsa cikin safa, saboda kaska, kuma ya duba jikinsa da dare. Akwai wani ganye mai yatsu uku da ke sa ƙuraje da ƙaiƙayi, kada a taɓa.

Daga ɓuya sai tsallakawa. Bayan sojojin Arewa sun kama Huntsville a Afrilu 1862 da Corinth ta jihar Misisipi a ƙarshen Mayu, sai hanya ta buɗe. Tafiyar dare ake yi, ƙungiya-ƙungiya, da ɗan jagora wanda ya san daji, irin su Bill Looney mai mashayar nan. A 1862 aka kafa musu runduna tasu, Rundunar Dawaki ta Ɗaya ta Alabama a ɓangaren Tarayya, wadda Kanar George Spencer ya jagoranta. Ba 'yan Winston kaɗai ba ne, har da na gundumomin tudu da ke kewaye. Fiye da mutum dubu biyu suka shiga, albashin ƙaramin soja dala 13 a wata. Aikinsu leƙen asiri, nuna hanya, kai hari kan layin dogo. Mutum 345 suka mutu, kuma cuta ta fi harsashi cin su, don ɗan ƙauyen da bai taɓa zama cikin taro ba ƙyanda da gudawa ke fara kayar da shi a sansani. A ƙarshen 1864 Janar Sherman ya ɗauke su 'yan rakiyarsa a tattakin da ya yi daga Atlanta zuwa Savannah. An sallame su a Huntsville a Oktoba 1865, suka koma gida suka tarar da kufai da maƙwabtan da ba sa ga maciji da su.

Kada wani ya ɗauka don tausayin bayi suka yi. Mafi yawansu masu gonakin audugar suka tsana, ba bautar ba. Na tambayi dattijon kai tsaye, ya yi shiru kaɗan ya ce, "Gaskiyarka, yaro." Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tutar Kudu da na gani a ƙofar gidaje da bayan motoci, a gundumar da 'yan sintirin Kudu suka ƙona wa gidaje. Mutum-mutumin nan mai riga biyu ma, a ganina, sulhu ne aka yi da tagulla: an raba rigar biyu daidai, lambobin da ke allon kuwa ba daidai suke ba. Duk da haka a wannan ƙasa aka haifi Alƙali Frank Johnson, wanda yana cikin waɗanda suka soke wariyar launin fata a motocin bas na Montgomery a 1956, ya kuma ba da izinin tattakin neman 'yancin zaɓe na baƙaƙe daga garin Selma a 1965.

Abinci sai ka yi hattara. Naman alade yana shiga inda ba ka zata ba, cikin wake, cikin dafaffen ganye, har man suya. Ka tambaya ɗaya bayan ɗaya. Matar dattijon da ta ji haka sai ta soya mana kifi tarwaɗa da man gyaɗa, da kuɓewa soyayya, da burodin masara. Kuɓewa ba yauƙi! Na ci, amma raina yana kan miya. Shayinsu mai sanyi ne da ƙanƙara, sukari kamar an kifar da gwangwani. A gidan abinci kuma farashin da ke rubuce ba shi za ka biya ba, a wurin biya ake ɗora haraji, sannan ka ƙara wa mai kawo abinci kashi 15 zuwa 20. Wannan ba kyauta ba ce, bashi ne da ba ka san ka ci ba. Gaisuwa dai suna da ita, duk motar da ka haɗu da ita a ƙauye sai direban ya ɗaga maka yatsa. Sun fi na birni nesa ba kusa ba, amma ba mai tambayar ka iyali.

Rana ta biyu mun leƙa Houston, tsohuwar hedikwata kafin a mai da ita Double Springs a 1882. Akwai tsohon kurkukun gungume da aka cika katakonsa da ƙusoshi don kada fursuna ya yanka da zarto. Muka wuce Natural Bridge, gadar dutse da Allah ya yi, tsawonta kusan mita 45, ana biyan ɗan kuɗin shiga. A Haleyville suna alfahari da cewa a garinsu aka fara kiran lambar gaggawa ta 911 a Fabrairu 1968.

Day's Gap, inda wasu 'yan rundunar dawakin nan suka nuna wa Kanar Streight na Arewa hanya a harin da ya kai bisa alfadarai a Afrilu 1863, wanda ya ƙare da miƙa wuya ga Janar Forrest na Kudu, ruwan sama ya hana mu zuwa.

Rana ta uku Corinth. Mahaɗar layin dogon da aka yi ta zub da jini a kanta tana nan, jiragen kaya suna wucewa. Gidan tarihin kyauta ne. A gefen gari akwai filin sansanin bayin da suka gudo, inda aka kafa wata Runduna ta Ɗaya ta Alabama, ta baƙaƙe, a 1863. Ba mu fi minti arba'in ba a wurin, don sai mun mai da mota Birmingham kafin shida, in ba haka ba a caje mu kuɗin kwana guda.