Tsohuwar taya: a sa mata wuƙa, kar a sa mata wuta

Jiya bayan la'asar na kai mashin ɗina faci can wajen Ƙofar Marusa, ina zaune bisa benci ina jira sai idona ya kai kan wani dattijo yana yankan tsohuwar tayar mota. 'Yar wuƙa ce hannunshi, ya tsoma ta gwangwanin ruwa ya ja, ya sake tsomawa ya ja, robar na darewa a hankali. Na ce Baba sannu da aiki, mi za a yi da wannan? Ya ce ɗana takalmi ne na makiyaya, ƙaya ba ta huda shi. Gefenshi ga kwanon ban ruwan awaki, ga igiyar ɗaure kaya, tsohon tif kuma ya zama guga. Wallahi abin ya burge ni, don taya ba ta ruɓewa, ka binne ta jikanka ya zo ya tono ta.

Amma fa akwai inda muke kuskure, kuma yana ci mani rai. Yara su tara tayoyi bayan gari su cinna masu wuta don su ciri wayar ciki su kai ma 'yan gwangwan, kuɗin bai taka kara ya karya ba amma unguwa guda ta sha baƙin hayaƙi, in lokacin hunturu ne ya haɗu da hazo ya tsaya ƙasa-ƙasa, masu asma su kwana suna tari. Hayaƙin nan akwai benzin ciki, sinadarin da ke jawo ciwon kansa, tokar kuma sinadarin zinc gare ta, ruwan sama na zuwa ya wanke ta zuwa kududdufin da dabbobinmu ke sha.

Wanda ya fi tada mani hankali shi ne babbaka. Da layya sai ka ga an ɗora kai da ƙafa bisa wutar taya wai ta fi itace saurin ci, a kankare a dafa a ba yara. Haba jama'a, abin da za ka sa bakinka!

Tara tayoyin ma ba mafita ba ce. A Kuwait sun jibge sama da miliyan 40 a Sulaibiya, wuta ta kama a 2012. Kuma da damina duk tayar da aka yar ruwa take riƙewa, sauro ya samu gida, musamman irin mai kawo shawara da dengi. Cikin tsoffin tayoyi ma wani sauron Asiya ya shiga Amurka, aka gano shi a Texas a 1985. In kana da ita bisa rufin kwano ko bakin shago, don Allah huda ta ruwan ya tsiyaye.

Kafin in tashi na sayi kwanon awaki ɗaya, na kuma ce ma Baba tayoyi biyu da ke bayan gidanmu zan aiko mashi da su gobe in Allah ya kai mu.