Batirin filas ɗin kyamara: abin da na koya a wajen biki

Wallahi ranar da na fi jin kunya a sana'ar hoto ita ce ranar wani kamu, amarya ta shigo ana guɗa, na danna sau ɗaya filas ya haska, na biyu kuma shiru, ina kallon ƴar fitilar da ke nuna filas ya shirya ta ƙi kamawa har amarya ta wuce. Batirin alkalin (alkaline, irin wanda ba a caji) ne na saya a bakin titi, sabo fil.

Shi filas zuƙar wuta yake da ƙarfi lokaci guda, alkalin kuwa duk da an rubuta masa 1.5V ba ya iya bayarwa da sauri, shi ya sa masu caji na NiMH da suke 1.2V suka fi shi saurin cika filas. Ni yanzu Eneloop, wani samfurin batirin NiMH, nake amfani da shi, farin yana kusan 2000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), baƙin Pro ɗin kusan 2500mAh amma yawan lokutan da za a iya caza shi kafin ya mutu bai kai na farin ba. Abin da ya sa nake son su, ko ka ajiye wata da watanni ba sa zubar da caji sosai.

In ka ga batirin AA (girman da filas ke ɗauka) an rubuta 4000mAh, ka ajiye musu kayansu, ƙarya ce.

Sannan ka sayi caja mai caza kowane batir daban, ka sa wa batiran da kake sawa tare a filas alama hurhuɗu da maka kar su gauraya. In sun yi zafi bayan ka harba filas da yawa, cire su su huce, balle lokacin bazara.